Takardar Koke Kan Faɗaɗa Ɗakunan Kimiyya a Jami'o'inmu Domin Horar da Ma'aikatan Lafiya na Karkara

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimi na Tarayya, Abuja.

Kwafi ga Mai Girma Ministan Lafiya, da Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, da shugabannin Asusun TETFund da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa.



 Mu da muka rattaba hannu a wannan takarda iyayen ɗalibai ne, da malaman asibiti na ƙauye, da ungozomomi, da masu unguwanni, daga masarautun Jigawa biyar: Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Kukanmu shi ne asibitocin ƙauyukanmu sun fi fama da rashin ma'aikata a kan rashin gini, kuma ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i da kwalejojin lafiya, inda ake horar da waɗannan ma'aikata, sun yi wa yaranmu kaɗan. Abin da ya sa muka nufo ofishinku ke nan, ba mu tsaya a ma'aikatar lafiya kaɗai ba. Ungozoma daga makaranta take fitowa, makaranta kuwa a hannunku take.

Ba za mu ce ba a yi gine-gine ba. An gina asibitocin sha-ka-tafi, an yi musu fenti, an kafa allo da sunan wanda ya gina. Amma a yawancinsu mutum ɗaya ne ko biyu ke riƙe da komai: shi ne mai duba mara lafiya, shi ne mai allura, shi ne mai ba da magani, ranar rigakafi kuma ya ɗauki akwatin sanyi ya shiga ƙauyuka. In ya tashi da la'asar, an kulle asibiti sai gobe. Naƙuda kuwa ba ta jiran gari ya waye. Mace ta fara jijjiga ko jini ya ɓalle mata da tsakar dare, sai a shiga neman mota, in damina ce a shiga neman hanya, a nufi babban asibiti. Wasu su isa, wasu a juyo da su daga hanya. Tun 2008 ƙungiyar likitocin MSF take aiki a babban asibitin Jahun, tana karɓar haihuwa mai wuya tana ɗinke masu yoyon fitsari, Allah Ya saka mata. Amma kusan duk matar da ke kwance a ɗakin masu yoyon fitsari, doguwar naƙuda ce ta kai ta, naƙudar da ba a sami mai ilimin da zai gane ta da wuri ya ce a tafi ba.

Alƙaluman hukuma sun tabbatar da abin da muke gani. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a hannun ƙwararre, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya a dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.

Haka abin yake a wajen gwaji. Inda babu mai duba jini, kowane zazzaɓi na cizon sauro ne, a sha magani a mai kemis, in bai sauka ba a ƙara wani. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara sun yi ta suma suna mutuwa kafin gwajin jini ya nuna gubar dalma ce daga dutsen zinariyar da ake daka a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka tafi. Mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022 ya fi ƙamari a Kano, maƙwabciyarmu, kuma shi ma sai da gwaji ake tabbatar da shi. Mai aikin ɗakin gwaji a asibitin ƙaramar hukuma shi ne idon hukuma a kan annoba.

Ranka ya daɗe, mun ji matakan da gwamnati ta ɗauka, kuma ba mu raina ba. Mun ji Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa an ɗaga adadin ɗaliban da makarantun likitanci da na jinya da sauran fannonin lafiya za su ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000. Mun ga an kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare a 2021. Mun ji batun naira biliyan 110 da aka ware ta hannun TETFund a 2025 domin gyara makarantun likitanci 18. Damuwarmu ita ce ƙarin gurbi a takarda ya riga ƙarin wurin zama a ɗakin gwaji. An ƙara baƙi, tukunya kuwa tana nan yadda take.

A nan ne muke roƙon ku ɗan tsaya ku saurare mu, domin 'ya'yanmu ne ke cikin waɗannan azuzuwa, kuma suna dawo mana da labari. Duk wanda zai karanta aikin likita, ko jinya, ko haɗa magunguna, ko gwajin jini a jami'a, sai ya bi ta shekarar farko ta ilimin sinadarai da na halittu da fizis. Dukansu ɗakunan gwaji guda suke rabawa da sauran ɗaliban kimiyya. A nan ake cunkushewa. Ɗalibai su yi dandazo a kan madubin duba ƙwayoyin cuta guda ɗaya, na gaba ya leƙa, na baya ya kwafi zanen da na gaba ya yi. Sinadari ya ƙare, malami ya rubuta sakamakon gwajin a allo ya ce da an yi, ga launin da zai fito. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, abin da ke cikin firji ya lalace. Wani ɗakin ma famfonsa ba ya kawo ruwa, alhali wanke hannu shi ne darasin farko na aikin asibiti. Yaro ya ci jarrabawa da maki mai kyau bai taɓa ɗiga jini a gilashi ya duba da idonsa ba. A birni, irin wannan yaro zai sami manya a asibiti su gyara masa hannu. Wanda aka tura ƙauye shi kaɗai ne, babu wanda zai tambaya. Saboda haka mu mutanen karkara mun fi kowa buƙatar a horar da shi da kayan aiki a hannunsa.

Kuma majalisun da ke tantance waɗannan kwasa-kwasai, ta likitoci da ta jinya da ungozoma da ta masu gwaje-gwaje, suna yanke wa kowace makaranta adadin ɗalibanta ne gwargwadon ɗakunan gwajinta, da malamanta, da gadajen asibitin koyarwarta. Daidai suka yi, ba mu nemi a sassauta ba. Amma jami'o'inmu na gwamnati ba su daɗe da kafuwa ba, misali: ta Tarayya da ke Dutse a 2011, ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa a 2013. Ba za a haɗa su da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962 a yawan gini da kayan aiki ba. In aka raba kuɗi bisa girman makaranta da tsufanta, mai shi ne zai yi ta ƙaruwa.

Akwai wani gefen da yake ci mana tuwo a ƙwarya. Yawancin maganar da ake yi ta likitoci ce, kuma Ministan Lafiya da kansa ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar nan a 'yan shekarun baya. Muna son likita, wa zai ƙi? Amma gaskiyar magana, wanda ke kwana a ƙauye ungozoma ce, da nas, da malamin lafiyar al'umma, da mai gwajin jini. Akasarinsu daga kwalejoji irin na Jahun da Birnin Kudu suke fitowa. Dokar TETFund ta 2011 kuwa ta taƙaita tallafin asusun ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai. Makarantun da suka fi kusa da talakan ƙauye su ne aka bari a bakin ƙofa.

Sai batun wanda za a horar. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa ɗalibin da ya taso a karkara, aka kuma horar da shi kusa da karkara, shi ya fi zama a can bayan ya gama. Mu ma mun gani da idonmu. Shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa daga 2012 a Jigawa da Kano da Katsina da Zamfara da Yobe ya ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka, ya ba su shekarar share fage a darussan kimiyya, suka shiga makarantun ungozoma da alkawarin komawa garuruwansu. Dalilin share fagen a fili yake: yarinyar da ta gama sakandaren ƙauye, wataƙila ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, an ce ta yi takara a JAMB da 'yar makarantar kuɗi ta birni. Kuma kowa ya san halinmu, magidanta da yawa ba sa yarda namiji ya karɓi haihuwar matansu. Ana iya yi musu wa'azi, muna ma yi, amma kafin wa'azi ya ratsa, a ba mu 'yarmu ta zama ungozoma. Tura ɗalibai ƙauye ma ba baƙon abu ba ne: Jami'ar Ibadan ta fara shi a Igbo-Ora tun 1963, Jami'ar Nazarin Ci Gaba da ke Tamale a Ghana tana ware zango guda na shekara ɗalibanta su zauna a cikin al'umma. A Garki ta nan Jigawa aka gudanar da shahararren binciken zazzaɓin cizon sauro na Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1969 zuwa 1976. Ƙauyen da ya isa a yi binciken duniya a cikinsa ya isa a koyar da ɗalibi.

Jihohinmu sun daɗe suna kashe maƙudan kuɗi wajen tura yara karatun likita ƙasashen waje. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, an ga yadda aka kwaso su a firgice, karatu ya tsaya sai da aka nema musu wasu makarantun. Da wani kaso na kuɗin nan a ɗakin gwaji na gida aka zuba shi, da yau yana nan ana amfana.

Don haka muna roƙon Mai Girma Minista ya sa a ware kaso na musamman daga TETFund domin faɗaɗa ɗakunan gwaji na sinadarai da halittu da sassan jikin ɗan Adam a sababbin jami'o'in da ke jihohin karkara, tare da wutar sola da rijiyar burtsatse a kowanne, da ɗakin koyon karɓar haihuwa da mutum-mutumin roba kafin ɗaliba ta taɓa mace mai rai. A ɗauki masu kula da na'urori, a kuma sa kuɗin sinadarai da gyara a kasafin kowace shekara, domin mun gaji da ganin na'ura a kwali har ta lalace ba a buɗe ba. Muna roƙon a kai wa Majalisar Tarayya gyaran dokar asusun ta yadda kwalejojin jinya da na lafiya za su shiga. Kafin nan, a haɗa su da jami'ar da ke kusa su riƙa amfani da ɗakunanta.

Muna kuma roƙon a keɓe gurabe ga kowace ɗaya daga ƙananan hukumominmu 27, da shekarar share fage, da ɗakin kwana mai tsaro ga 'yan mata, har da wurin renon jarirai ga matan aure. Wanda aka ɗauka ta wannan hanya ya sa hannu zai yi wa garinsu aiki na wasu shekaru, mu iyaye da masu unguwanni mu tsaya masa shaida. Gwamnatin jiha kuma ta yi alkawarin ɗaukarsa aiki da ya gama, kada ya zauna da takarda a gida. Hanyar kuɗi tana nan: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi 10 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin samar da ma'aikata. Duk abin da aka saki, a liƙa adadinsa da sunan ɗan kwangila a ƙofar makarantar, mu za mu sa ido.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a ba mu amsa a rubuce, a kuma turo wakilai su shiga ɗakin gwaji ranar da ɗalibai ke aiki, ba tare da an sanar da zuwansu ba, daga nan mu raka su asibitin ƙauye bayan sallar isha'i. A shirye muke mu zo Abuja ko Dutse duk ranar da aka kira mu.

 

Mu ne naku,
Iyayen ɗalibai, malaman asibiti, ungozomomi da masu unguwanni na karkarar Jihar Jigawa.