Sabar gida da fargabar tsakar dare

Masu ƙaramar sabar a gida, ko da Raspberry Pi ce mai Debian, kan firgita idan sun duba journalctl suka ga wata manhaja ta tsaya ta sake tashi cikin dare. A ganina, yawancin wannan fargaba asarar barci ce kawai. Kullum logrotate na naɗe tsofaffin bayanai, ya sa wasu manhajoji su sake tashi don buɗe sabon kundi, sabunta manhajoji ma kan jawo hakan. Duba lokaci tukuna: in kusan lokaci ɗaya ne kowace rana, jadawali ne. Amma manhajar da ta tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, systemd, mai kula da tashin manhajoji, kan daina tayar da ita, ya rubuta cewa ta gaza. Nan ne za ka zauna ka karanta layukan da suka gabata.