Raddi ga Masu Cewa a Killace Tsofaffi, a Saki Annoba

A ranar 4 ga Oktoba, 2020, wasu malaman jami'a uku suka sa hannu a wata gajeriyar takarda a garin Great Barrington na jihar Massachusetts a Amurka. Su ne Martin Kulldorff na Harvard, da Sunetra Gupta ta Oxford, da Jay Bhattacharya na Stanford. Buƙatarsu ita ce a janye dokar kulle, matasa da masu ƙoshin lafiya su koma harkokinsu, cutar korona ta bi ta kansu har yawancin jama'a su sami garkuwar jiki, tsofaffi da masu rauni kuwa a keɓe su har guguwar ta wuce. Da maganar ta mutu tare da annobar, da ban tono ta ba. Amma a 2025 aka naɗa Bhattacharya shugaban cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, kuma har yau ina jin wasu 'yan bokonmu suna cewa ai da shawarar nan aka bi da ba a sha wahala ba. Wata annobar za ta zo, kuma iyayenmu ne za a yi wannan lissafi a kansu.

Suka ce: cutar tsofaffi ce, hatsarinta ga dattijo ya ninka na yaro nesa ba kusa ba. Wannan gaskiya ne, ba na ja. Kuskuren yana wajen ƙidayar waɗanda za a keɓe. Shekaru ba su kaɗai ke raunana mutum ba; akwai ciwon suga, da hawan jini, da ciwon ƙoda, da asma, da sikila, da cuta mai karya garkuwar jiki, ga kuma mata masu juna biyu. Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.7, wato kashi 22 cikin 100 na mutanen duniya, suna da aƙalla ciwo ɗaya da ke sa korona ta yi tsanani. Mutum ɗaya cikin biyar ke nan. A wane ɗaki za a zuba su? Kuma wannan sai wanda ya san ciwonsa. Ɗan kasuwa nawa ne a kasuwar Kwari ko ta Kurmi a Kano ke yawo da hawan jini bai taɓa awo ba, sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi? Shi a tsarinsu yana cikin masu lafiya, waɗanda aka ce su fita su kamu.

Suka ce: za a iya gina wa tsofaffi katanga. Nan ne ginin ya rushe, kuma nan zan daɗe. Tsoho ba ya rayuwa shi kaɗai. Akwai mai dafa masa abinci, da mai zuba masa ruwa a buta, da mai kama shi zuwa bayan gida, da mai karɓo masa magani. Duk waɗannan matasa ne, wato su ne aka ce a bar cutar ta bi ta kansu. Korona kuwa tana yaɗuwa tun kafin mai ɗauke da ita ya ji zazzaɓi ko tari, wani ma har ya warke bai san ya kamu ba. Ƙasar Suwidin ta gwada katangar nan da duk arzikinta. Tun 1 ga Afrilun 2020 ta hana ziyara a gidajen kula da tsofaffi, amma cutar ta shiga ta hannun ma'aikatan da ke kwana cikin gari su wayi gari a wurin aiki, kuma kusan rabin waɗanda suka mutu a watannin farko mazauna waɗannan gidaje ne. A Disambar wannan shekara kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce an kasa kare tsofaffi, ya kuma ce babban dalili shi ne yadda cutar ta bazu a cikin jama'a. Sarkin ƙasar, Carl Gustaf, ya fito da bakinsa ya ce sun gaza.

To, idan haka ta faru inda tsofaffi ke da gidaje na musamman da ma'aikata masu albashi, ina ga gidan da kaka ke kwana ɗaki ɗaya da jikoki huɗu? A gidajenmu jika ya dawo daga Islamiyya ɗakin kaka yake fara faɗawa. Dattijo shi ne a sahun gaba a masallaci, shi ake kira ya ɗaura aure, shi ke sallar gawa, shi ake zuwa gaisarwa a zaure da hannu biyu. Wanda ya ce a keɓe shi alhali cuta na yawo a unguwa bai taɓa zama a tsakar gidan Bahaushe ba. Mun kuma gani da idonmu. A Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano suka fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mamata 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama sanadin korona. Yawancinsu dattawa ne masu fama da wani ciwo tun da, kuma fiye da rabi a gida suka cika. Malamai da sarakai da tsofaffin ma'aikata suka tafi cikin 'yan makonni. Yawancin waɗannan bayin Allah ba yawo suke yi ba; har inda suke zaune cutar ta iske su.

Na san abin da za a mayar mini: ai da aka tattara lissafin shekarun annoba gaba ɗaya, Suwidin tana cikin ƙasashen Turai masu ƙarancin mace-mace. Haka ne. Sai dai ba ta saki annoba ba kamar yadda ake faɗa. Ta hana taron fiye da mutum 50 tun Maris 2020, manyan ɗalibai suka koma karatu daga gida, mutane suka rage cuɗanya da kansu, sannan ta yi wa tsofaffinta rigakafi sosai. A shekarar farko, kafin allura, mace-macenta na korona sun ninka na maƙwabtanta Norway da Finland sau da yawa.

Suka ce: cikin ɗan lokaci jama'a za su sami garkuwa, cutar ta mutu da kanta. Birnin Manaus na Birazil ya amsa wannan. Wani bincike ya ƙiyasta cewa zuwa Oktoban 2020 kusan kashi 76 cikin 100 na mazauna birnin sun riga sun kamu. A lissafin malaman nan uku, sun tsira ke nan. A Janairun 2021 wani sabon nau'in ƙwayar cutar ya bazu, asibitoci suka cika, iskar oksijin ta ƙare, marasa lafiya suka mutu a kan gado saboda rashin numfashi. Ƙwayar tana sauya kama, kuma wanda ya warke yana sake kamuwa. Nau'in Omicron ya tabbatar da haka ga kowa a ƙarshen 2021.

Akwai kuma abin da ba su sa a ma'auni ba, wato lokaci. Wata biyu kacal bayan takardarsu, ranar 8 ga Disamba, 2020, aka yi wa Margaret Keenan, 'yar shekara 90, allurar rigakafi a Coventry ta Ingila. Tun a watan Yuni ma binciken Oxford ya nuna cewa dexamethasone, magani mai arha, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dattijon da ya kamu a Afrilun 2020 da wanda ya kamu bayan an yi masa allura ba cuta ɗaya suka fuskanta ba. Duk watan da aka jinkirta yaɗuwa rayuka ne aka saya. Mu allurar ta yi mana nawa, sai 2 ga Maris, 2021 kason farko na shirin rabon allura na COVAX ya sauka a Abuja, kuma wannan zalunci ne na rabo da ya kamata a yi faɗa a kansa. Jinkirinta dalili ne na ƙara tsare dattawa, tunda jiranmu ya fi na Turawa tsawo.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kulle ya cuci talaka, kuma a nan ina tare da su da zuciya ɗaya. Na ga ɗan dako da mai shayi da direban adaidaita, masu hannu baka hannu ƙwarya, an rufe su a gida cikin azumi ba ko mudu ɗaya na gero. Na ga yara sun yi watanni ba makaranta. Wanda ya kare irin wannan kulle ba tare da ciyarwa ba bai yi adalci ba. Amma ɓarnar kulle ba ta mayar da shawararsu daidai, domin ba hanya biyu kaɗai ke akwai ba. Ana iya barin kasuwa a buɗe a sa takunkumin fuska. Ana iya fitar da salla farfajiya inda iska ke kaɗawa, a buɗe tagogin aji, a taƙaita zaman makoki, a ɗage taron biki. Shari'a ta riga ta ba tsoho da mara lafiya uzurin barin jam'i, liman ne kawai zai faɗa a kan mumbari don kada dattijo ya ji kunyar zama a gida. Mai tari ya daina shiga ɗakin kaka, a ba shi abin da zai ci kwanakin da ya zauna. A kai wa masu suga da hawan jini maganin wata uku lokaci ɗaya, kada su riƙa bin layin asibiti. Allura kuwa idan ta zo, a fara da su da masu jinyarsu, a bi su gida-gida kamar yadda aka bi yara da ɗigon shan inna har aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali a Agustan 2020. Masu unguwanni da suka san kowane gida mai jariri sun san kowane gida mai tsoho.