Kafin Ka Zagi Waken Samaru, Ka San Mai Gadin Ƙofa



Cikin wata guda an turo min gajerun labarai uku in duba, dukkansu jigo ɗaya: Bature da farar riga yana tsira wa ƙwayar wake allura, a kawo waken kasuwar Kawo, matan unguwa su ci su daina haihuwa. Ɗaya daga cikin marubutan ɗalibin kimiyya ne ma. Da na tambaye shi ta yaya ake shigar da sabon gado cikin tsiro, sai ya ce ai labari ne ba darasi ba. To mai karatu a Unguwar Kanawa ko Badarawa ba zai ɗauke shi almara ba. Gobe zai tsaya gaban mai awo yana rantsuwa da abin da ka rubuta.

Babu wata allura. Waken da ake magana a kansa, SAMPEA 20-T, wanda cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a Disamba 2019, wata bakteriya ce ta cikin ƙasa ta yi dakon gadon zuwa cikinsa. Sunanta Agrobacterium tumefaciens, kuma ta daɗe tana wannan sana'ar tun kafin a gina ɗakin bincike na farko.

Bakteriya ba ta da ido, ba ta da kunne. Abin da take da shi wani furotin ne a kafe a fatar jikinta, wani sashe yana leƙen waje, wani yana ciki, kamar mai gadi zaune a bakin zaure. Na wannan bakteriyar VirA ake kiransa. Idan tsiro ya ji rauni, ko da fartanya ce ta kankare shi, yakan zubo da wasu sinadarai. VirA na sansano su sai ya ɗora wa kansa ɗan guntun fosfet, ya miƙa wa abokinsa VirG da ke ciki. Shi kuma VirG, da wannan shaida a hannu, sai ya tashi rukunin ƙwayoyin gadon da ke barci. Nan bakteriyar za ta yanko wani yanki na DNA ɗinta ta tura cikin ƙwayar halittar tsiron. Tsiron ya yi ƙari a gindi, ya koma yana dafa mata abinci. Mary-Dell Chilton da abokan aikinta ne suka tabbatar da wannan a 1977, zuwa 1983 kuma masana a Ghent ta Beljiyam da Amurka sun iya cire kayan da ke jawo ƙarin, su ɗora wa ɗan dakon kayan da suke so. Har yau a ɗakin bincike sinadarin raunin nan ake ɗiga wa bakteriyar don mai gadin ya farka. Kayan da aka ɗora mata zuwa cikin wake shi ne gadon wani furotin mai kashe tsutsar maruka, wadda ke huda fure da kwanson wake.

Yanzu ku da kuke cewa ba a taɓa irin wannan a halitta ba, ina ku ka bar dankalin Hausa? A 2015 masu bincike daga Ghent da cibiyar dankali ta duniya da ke Peru sun duba nau'o'in dankali 291 da ake nomawa, suka tarar da DNA ɗin Agrobacterium a cikinsu duka. Ba hannun kowa. Dankalin da kakanninmu suka gasa a toka, da wanda ake soya mana da yamma a bakin titi, da wannan gadon ya zo.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne labarin gaskiyar ya fi na ƙaryar daɗi, amma kun tsallake shi. Ƙwayar kwalara, wadda ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya a 2021, tana da irin waɗannan masu gadi, CqsS da LuxQ, kuma su 'yan'uwansu suke saurare. Kowace ƙwaya tana sakin wani sinadari. Idan ba su da yawa a hanji, sai su manne su shiga ɓarna. Idan sinadarin ya taru, alamar sun cika gida, masu gadin su juya saƙon, taron ya saki bango ya fita neman wani mutum. Bonnie Bassler ta Jami'ar Princeton ta shafe shekaru tana bin diddigin wannan zance nasu. Runduna mai ƙirga kanta kafin ta yanke shawara! Wane aljani ne a littattafanmu ya kai wannan?

Kada wani ya ce na zama ɗan kanzagin kamfanonin iri. Akwai tambayoyin da suka cancanci faɗa, ni ma ina da su. Wa ke sayar da irin, nawa ne, kuma ƙaramin manomi na samunsa a kan lokaci? Masu binciken sun ce feshi zai ragu daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Haka abin yake a gonar talaka? Idan tsutsar ta saba da furotin ɗin, me aka tanada? Mai saye a kasuwa yana da hanyar sanin wane wake ake auna masa? Hukumar NBMA da aka kafa a 2015 ita ta ba da izini, ita ya kamata a ritsa da waɗannan. Amma duk ranar da ka shigo da allurar Bature, ka ba su damar su yi maka dariya su wuce ba tare da sun amsa ko ɗaya ba.

Wanda ya ce min Hausa ba ta da kalmomin wannan fanni, ya koma sakin layi na uku ya nuna min inda ya ɓace. Wanda kuma yake son ya ga waken da idonsa ya tambayi masu shi, motar Zariya tana lodi kullum a tashar Kawo, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka.