BA A CINIKIN BIRI A SAMA

Haba 'yan'uwana mata! Wace ce a cikinku za ta je kasuwar Yauri ko ta Wara ta biya kuɗin kifin da yake cikin ruwa tukuna? Sai an ɗaga shi, kin duba, kin shinshina, sannan ki kwance bakin zani. To don me zuciyarki ta fi kifi araha?

Wani ƙato ya buɗe Facebook, ya saci hoton soja ko na wani alhaji a jikin mota, ya laƙa wa kansa suna. Yau "gimbiyata", gobe "turo min hotonki ba ɗankwali", jibi "an riƙe min kaya a Legas, ranta min dubu ashirin". Ke kuma uwargida kada ki ce kin tsira. Wata "Hajiya mai kayan mata" da kike kwashe sirrin ɗakinki kina faɗa mata, wataƙila gemu gare ta. Ranar da kika ƙi turo kuɗi, sai barazanar kai wa maigida.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2012 wasu samari suka yaudari Cynthia Osokogu, ɗalibar jami'a, 'yar janar ɗin soja mai ritaya, ta hanyar Facebook. Suka jawo ta Legas da sunan kasuwanci, suka kashe ta a ɗakin otal. A 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Boko da gata ba su tsare ta ba, balle ke da kike Shanga ko Ngaski da 'yar wayarki.

Za ki ce ai akwai na kirki. Akwai mana! Amma na kirki yana da unguwa, yana da iyaye, yana sallama a ƙofar gida. Shi ya sa magabata ke bincike kafin su karɓi gaisuwa. Wanda kullum kyamararsa "ta lalace", kullum yana "bakin aiki", me yake ɓoyewa?

In kuwa har an riga an rutsa ki, kada kunya ta kulle miki baki, don da shirunki yake cin abinci. Faɗa wa mahaifiya ko yayarki, a adana saƙonnin, a kai ƙara. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta sojan gona. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu, amin.