Daga takunkumin gwamnati zuwa aljihun masu kuɗi: Abin da Gabashin Turai ke koya wa aikin jarida a Katsina

A watan Mayun 1989 aka fara buga jaridar Gazeta Wyborcza a ƙasar Poland, ƙarƙashin jagorancin Adam Michnik, wanda ya sha ɗauri a hannun gwamnatin kwaminisanci. A 1990 aka rufe ofishin tace labarai na ƙasar. A wancan lokaci jama'a da dama sun ɗauka cewa da zarar gwamnati ta cire hannu, aikin jarida zai miƙe da ƙafarsa. Shekaru fiye da 30 da suka biyo baya sun nuna ba haka abin yake ba, kuma darasin ya shafi Katsina kai tsaye.

A Rasha, attajirai ne suka fara gadon kafafen da jam'iyya ta saki. Vladimir Gusinsky ya kafa tashar NTV a 1993, ta yi suna wajen sukar yaƙin Chechniya, amma a 2001 kamfanin Gazprom na gwamnati ya karɓe ta. A 2006 aka harbe 'yar jarida Anna Politkovskaya a Mosko. A Jamhuriyar Czech, attajiri Andrej Babiš ya sayi kamfanin jaridu na Mafra a 2013, daga baya ya zama firaminista. A Hungary kuwa, a 2018 aka tattara kafafe sama da 400 ƙarƙashin gidauniya ɗaya ta makusantan Viktor Orbán. Ba a dawo da ofishin tace labarai ba. An dai mallaki kafafen, an kuma karkatar da tallan gwamnati ga masu biyayya.

Najeriya ba ta taɓa yin mulkin kwaminisanci ba, amma ta san zamanin da gwamnati ce kaɗai ke da murya. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta gwamnatin mulkin mallaka ce, duk da cewa editanta na Hausa, Abubakar Imam, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a Katsina, ya buɗe ta ga wasiƙun talakawa. New Nigerian ta biyo baya a 1966, ita ma ta gwamnati. A 1984, ƙarƙashin Dokar Soja mai lamba 4 ta gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, babu gidan rediyo ko talabijin mai zaman kansa ko ɗaya a faɗin ƙasar nan.

Dokar Soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta kafa Hukumar NBC, ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003. Yau mai sauraro a birnin Katsina yana da zaɓi: ga rediyon jiha da KTTV, ga Companion FM ta Gwamnatin Tarayya, ga masu zaman kansu irin su Vision FM, ga kuma shafukan Facebook da ke watsa labari kafin a kunna janareta a kowace tasha. Wannan ci gaba ne na gaske. Mai shago a Babbar Kasuwa na iya bugo waya ya koka kan haraji, ɗan fansho ya tambayi inda haƙƙinsa ya maƙale.

Sai dai tambayar ta sauya. A da ana tambayar wa ya hana a faɗa, yanzu kuwa wa ya biya aka faɗa. Katsina ba ta da manyan masana'antun da za su riƙe tashoshi da talla, don haka gwamnati da 'yan siyasa ne manyan masu saye. Ana sayen fili, a kawo sojojin baka su yi yabo ko zagi, mai sauraro kuma ba ya iya bambance labari da talla. Wakilin da albashinsa bai taka kara ya karya ba, ko ya yi watanni bai gan shi ba, da wuya ya mayar da "na mota" bayan taron manema labarai. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Tsohuwar sandar ma ba a ajiye ta ba. A Agustan 2022 NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga, kafin Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukunci a Mayun 2023 cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara. A Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi saboda ɗaukar taron 'yan adawa. An kuma sha amfani da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wajen tsare 'yan jarida, har aka yi masa gyara a 2024. Ga jihar da a 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda tsaro, rashin sahihin labari na iya sa ɗan kasuwa ya bi hanyar Jibiya ko Batsari a ranar da bai kamata ba.

Gabashin Turai ya nuna mafita ma. Da aka kashe ɗan jarida Ján Kuciak a Slovakiya a Fabrairun 2018, jama'a sun fito tituna har Firaminista Robert Fico ya sauka bayan 'yan makonni. Jaridar Denník N ta can ta dogara ne da kuɗin da masu karatu ke biya, shi ya sa ba ta jiran tallan kowa.

Abin da ya rage ga Katsina a fili yake. Tashoshi su riƙa sanar da duk shirin da aka saya, da sunan wanda ya saya. Ƙungiyar NUJ ta matsa wa masu kafafe su biya albashi a kan lokaci. Ma'aikatan gwamnati su daina ɗaukar mai neman bayani a matsayin abokin gaba, domin tun 2011 ƙasar nan ke da Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su kai tallansu ga tashar da ke tantance labari kafin ta watsa, domin su ne farkon masu asara idan labarin farashi ko na hanya ya zama ƙarya.