Mu ƙaru da juna: ciwon ƙafar gaba ta motar kat-kat



Wani zai ce mene ne haɗin malamin yaƙi da jahilci da gyaran mota. To, ga dalili. A damanar bara mun ɗauko wata mai naƙuda daga ƙauyenmu na ƙasar Dungas, za mu kai ta likita a Magariya. Muna cikin tafiya sai ƙafar gaba ta dama ta soma kuka. Direba ya ce ba komai. Ba mu yi nisa ba hayaƙi ya tashi, ƙafar ta cije. A amalanken shanu muka ƙarasa da matar. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma mun ga tashin hankali. Daga baya na zauna da wani tsohon makanisiye, na yi ta tambaya har ya gaji da ni.

Daga godaron Damagaram zuwa Magariya in ka ratse, hanyoyinmu da yawa rairayi ne. Ƙauyukan Waca, Guci, Malawa da Dogo-Dogo sun san amfanin motar da ƙafafunta huɗu ke ja, irin su Land Cruiser da Hilux da tsohuwar Land Rover. Ita ke ɗaukar wake da rake, ita ke ɗaukar marar lafiya. Ko ba ka da mota, kai ne a cikinta.

A tsakiyar ƙafar akwai cibiya wadda taya ke juyawa a kanta. Cikinta akwai rulma 2, na ciki da na waje. Ƴan Najeriya boris suke ce masa. Akwai giris, akwai noti masu riƙe su, sai kuma wani zoben roba a baya mai hana giris fita, mai hana ƙasa shiga. In zoben ya tsage, rairayi ya gauraya da giris, sai ya riƙa cin ƙarfe kamar dutsen niƙa. Ruwa ma haka ne. In cibiya ta yi zafi aka faɗa tabki da ita, tana iya zuƙar ruwa, giris ya koma fari-fari kamar kunu.

Rulma ba ya mutuwa bai yi magana ba. Da farko guɗa yake yi, mai ƙaruwa in mota ta ƙara gudu. In an karya hagu kukan ya ƙaru, galibi ƙafar dama ce, don nauyi a kanta ya koma. In an karya dama ya ƙaru, a duba ta hagu. Bayan an yi tafiya kaɗan, a tsaya a kai hannu kusa da cibiyoyin biyu, a hankali. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma in ɗaya ba ta taɓuwa alhali ƴar uwarta lafiya lau, akwai magana: ko rulma ne, ko birki ne ya kama.

Ga gwajin da ya fi. A sa duwatsu a ƙafafun baya. A shimfiɗa katako ƙarƙashin jak, don rairayi ba ya riƙe jak. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota. A ɗaga ƙafar, a kama taya sama da ƙasa, a girgiza. In tana kaɗawa, a sa wani ya taka birki, a sake girgizawa. In kaɗawar ta tsaya, rulma ne. In ba ta tsaya ba, ciwon yana wurin da ƙafar ke karyawa, wannan sai garaji.

Wurin gyara kuwa, abin da na gani da idona ya ba ni haushi. Ana zube rulma a kan ƙasa, a goge da tsumma mai datti, a mai da. A wanke shi da gazuwal, a shanya bisa kwano mai tsabta. In ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi, ko ya yi ramuka, ya gama aiki. A canza shi tare da zoben ƙarfen da yake gudu a ciki, da sabon zoben roba. A cusa giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen. Noti kuma ba a ɗaure shi da dukan ƙarfi: in ya matse rulma ya ƙone, in ya saki ƙafa ta yi rawa. A ɗaure har kaɗawa ta tafi, taya na juyawa da hannu, sannan a lanƙwasa kunnen makullinsa.

Wani lokaci kuma ba abin da ya lalace. Motoci da yawa suna da ɗan murfi a cibiyar gaba, an rubuta FREE da LOCK. Na farko saki ne, na biyu kulle. Kafin a shiga rairayi a juya duka biyun zuwa LOCK. In ɗaya kaɗai aka kulle, gaba ba za ta ja ba, sai a kafe ana zagin mota. Ɗalibaina sun koyi waɗannan baƙaƙe 8 a dare ɗaya. In an hau godaro a cire kat-kat, a mai da su FREE.

Masu amalanke, wannan magana ta shafe ku, don yawancin ƙafafun amalankenmu da rulma suke juyawa. Kafin kwasar hatsi ku ɗaga ku girgiza, ku sa giris.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen iskar taya cikin rairayi. Mai tambaya ya ba malamin cibiyarsu takarda, za ta iso mu.