Fasfo Ya Fi Waya

Jama'a, 'yan kasuwarmu na Kégué masu zuwa sari Guangzhou sun fi tsoron a sace musu waya a otal. Ni kuwa fasfo nake ji wa tsoro. Wanda ya rasa nasa, sai ya nufi ofishin jakadancin Togo a Beijing, kusan kilomita 2,000, alhali jirgin dawowa ba ya jira. Dokar Sin ta ce baƙo ya riƙa yawo da fasfonsa, don haka a sa shi aljihun ciki, a bar kwafi a Lome. Kuɗi kuwa a danƙa wa ofishin otal, a karɓi rasit, domin akwatin ɗaki ma'aikata ma suna iya buɗe shi. Wayar kuma, buga *#06#, ka rubuta lambobi 15 ɗin nan tun a gida.